Tayar Bayan Bajimi

Ranar da labarin ya iso ni, ina tsugune a tsakar gida ina cuɗa rigar aikin maigidana, wadda baƙin mai ya daɗe da zame mata launi. Wajen ƙarfe sha ɗaya na safe ne. Na ji sallama, na ɗago kai, sai ga Tela maƙwabcinmu tsaye a bakin ƙofa, abin awo rataye a wuyansa, ya tallabo hular kwanon maigidana da hannu biyu kamar wanda ya ɗauko abu mai zafi. Ban tambaye shi komai ba. Shekara ashirin da shida muna tare, ban taɓa ganin ya bar wani ya riƙe masa hular nan ba. Ranar da ta dawo gida babu kai a cikinta, ban bukaci bayani ba.

A layin mai ya cika. Kwana na uku ke nan yana sammako zuwa gidan man nan na bakin titi. Saura babur huɗu a zo kansa, sai ya kifa goshinsa a kan tanki kamar mai ɗan hutawa. Na bayansa suka yi ta danna masa hon. Ɗaya daga cikinsu ya zo mini gaisuwa daga baya, ƙato da shi yana share hawaye da hula, ya ce shi ya fi kowa dannawa, in yafe masa. Na yafe. Wanda ya yi kwana uku a layi ba shi da sauran hankalin da za a kama shi da laifi.

Kada ku ce ina butulci, jama'a. A makon nan ne Mai Girma Gwanin Almakashi, wanda bai taɓa ganin zare a miƙe ya ƙyale shi ba sai ya yanka an tafa masa, ya fito a rediyo ya tabbatar mana mai ya wadata har ya yi yawa, wai layin da ake gani na masu son cunkoso ne. To, Allah ya jiƙan maigidana. Ashe son cunkoso ne ajalinsa, ni da na zauna da shi ban sani ba. Mutumin da ko kasuwa sai na ja shi.

Amma ba kuka na zo yi muku yau ba. Wancan a ɗaki nake yinsa, kuma ban gama ba. Maganar taya na zo da ita.

Maigidana mai gyaran injin ruwa ne. Duk inda famfo ya ƙi, ko injin rijiya ya yi shiru, shi ake aikawa a kira. Kayan aikinsa kuwa ba na aljihu ba ne: akwatin ƙarfe, sarƙa, bututu, wani lokaci injin ɗungurungum. Duk a bayan babur yake ɗaure su. Babur ne irin na da, baƙi, mai nauyin tsiya, wanda in ya faɗi sai maza uku sun taru a kansa. 'Yan unguwa suka sa masa suna Bajimi. In ya karyo kwanar layinmu, kwanukan da ke kan kanta sai sun amsa, ni kuma in san lokacin sauke tukunya ya yi. A bayansa aka kai ni asibiti haihuwar 'ya'yana duka uku, a bayansa aka dawo da ni.

Ranar da abin ya faru, mutane suka ɗauki maigidana, hukuma ta ɗauki Bajimi. Ni ko tunawa da shi ban yi ba. Wata biyar ina zaune a ɗaki ina kallon bango, sai ga takarda da sunan marigayi a kai. Karatuna bai yi nisa ba, amma na haɗa baƙin a hankali, abin da ya gagare ni Tela ya ƙarasa mini. Ana sanar da maigidana cewa ya yasar da abin hawansa a kan hanya, ya tafi ba tare da izini ba. Nan kam gaskiya suka faɗa, bai nemi izinin kowa ba. An ba shi kwana goma sha huɗu ya zo ya karɓa, in ba haka ba a yi gwanjonsa. Takardar ta yi kwana biyar a hanya, daga ofishin da in ka hau katangarmu kana hango rufinsa. Saura tara.

Ƙanin mijina ya ce in bar musu. Ban iya tuƙi ba, yara sun watse neman abin kansu, babur ɗin kuma tsohon ƙarfe ne. Duk gaskiya ne. Sai dai rigunansa an raba, kayan aikinsa an kwashe, takalmansa ma na gan su a ƙafar wani. Abin da ya rage a duniya wanda ya san nauyin jikinsa shi ne kujerar babur ɗin nan, wadda ta lotsa daidai zamansa. Na ce ba zan zauna wani ya saye ta a kan sikeli ba.

Washegari na yafa mayafi na tafi. Ina so in yaba wa ofishin nan, domin ni mai faɗin alheri ce in na gan shi. Tun daga bakin ƙofa har matakala an jera tayoyin babur sababbi fil, an shafa musu farin fenti, an cika su da ƙasa, an shuka furanni. Mai gadi, wani dattijo mai sanda, shi ya ba ni tarihinsu ina jiran a buɗe taga. Wai shekara uku da suka wuce aka yo odarsu jirgi guda don a tallafa wa masu babur. Aka yi taro, aka yanka zare, sai da aka zo rabo aka tarar babu babur ɗin da suka shiga. Aka kafa kwamiti. Kwamitin ya ba da shawarar furanni. Furannin ma sun mutu, don famfon ofishin ya shekara ba ya kawo ruwa. Na san wanda zai gyara musu shi kafin azahar, amma ya tafi ba izini.

Aka buɗe taga. Akawun da ke ciki, Malam Dawo-Gobe, ya duba wani ƙaton littafi yana sakace, ya ce babur yana nan, amma ba zai fita ba, domin tayar baya ta suɗe, rana kuma ta tsattsaga ta. Doka ta hana abin hawa mara lafiyar taya ya taka titi. A harabarsu ranar ta same ta, amma ban ce ba. Na ce to zan kawo mai faci ya sa sabuwa. Ya ce ba a gyara a cikin haraba, nan ofis ne ba gareji ba. Na ce to a bar ni in fita da shi a gyara in dawo da shi a duba. Ya kalle ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa wanda kansa ya taɓu, ya ce ai yanzu ya gama faɗa mini ba ya fita sai da lafiyayyar taya.

Na haɗiye wannan. Na ce aƙalla a bar ni in shiga in ga lambar da ke jikin tayar, in san wadda zan saya.

"Mai shi kaɗai ke shiga, Hajiya."

"Mai shi ya rasu."

"Allah ya jiƙansa. Sai ki kawo takardar wakilci daga hannunsa."

Ya rufe taga, lokacin hutu ya yi. Ban yi fushi ba. Mutum ne mai riƙo da doka, irinsu ne ake kukan sun yi ƙaranci. Da zan fita na leƙa ta wani rami a katanga, na hango Bajimi can ƙarshen fili, ya karkace, ciyawa ta fito ta tsakanin wayoyin wilinsa.

Daga nan na wuce wurin Baba Mai Faci, a rumfarsa ta kusa da gada, inda maigidana ke kai Bajimi tun gashin Baba yana baƙi. Ya ture bahon ruwan da yake gwada tiyub a ciki, ya share mini benci da gefen rigarsa. Na ce ya faɗa mini lambar tayar in je in saya. Ya ce shi bai taɓa riƙe lamba a ka ba. Marigayi ke zuwa da tayarsa a kafaɗa, shi nasa sawa. In ya ga wili ya san tayarsa, in bai gani ba ba ya rantsuwa.

Na ce ai taya taya ce, baƙa ce, zagayayya ce. Ban taɓa ganin ran Baba ya ɓaci ba sai ran nan. Ya gyara zama ya yi mini karatun da ban samu a makaranta ba. Wai wili mai lamba sha bakwai da mai sha takwas a ido kamar tagwaye suke, amma in ka kai wa wannan tayar wancan, ko ka wuni kana dukanta da ƙarfe ba ta zama, in ma ta zauna a kan titi za ta fita ta bar ka. In ta cika faɗi za ta riƙa gogar sarƙa. In ta ƙananan baburan nan ce masu kukan sauro, ranar da aka ɗora wa Bajimi kaya za ta lanƙwashe a kwana. Ta gaba daban, ta baya daban: ta gaba hanya take nunawa, ta baya ita ke ɗaukar kaya, ita ke turawa, ita ke shan zafi. Wilin Bajimi kuma mai wayoyi ne, dole sai da tiyub, kada wani ɗan zamani ya ruɗe ni da wadda ba ta da shi. Ya ƙara da cewa in sani, mai shago ba ya karɓar taya in ta taɓa ƙarfe. Sau ɗaya zan zaɓa.

Ya tambaye ni ko akwai tsohuwar taya a gida. Da akwai. Guda huɗu, jingine a bayan ɗaki. Bara na sa aka kwashe su don sauro na ƙyanƙyasa a ciki, muka kwana biyu ba ma magana da maigidana a kansu. Ya tambaye ni ko marigayi bai taɓa faɗar lambar a gabana ba. Ya faɗa, jama'a. Ya faɗa ya fi a ƙirga. Watannin ƙarshen nan ba shi da hira sai ta tayar da ya rasa a kasuwa. Yana faɗa ina cewa "to", hankalina na kan tukunya. Ku matan masu babur, ga shawara kyauta: in ya fara zancen taya, ku ajiye ludayi.

Kwana biyar na yi ina birkice akwatinsa da aljihunan da suka rage. Na sami maɓallai, na sami hotonmu da ban san yana ajiye da shi ba, ban sami lamba ba. Matar Tela ta ce in kai kuka akwatin koke-koke da aka kafa a ƙofar ofishin, ta ji a rediyo wai duk wanda ya jefa takarda ana amsa masa cikin awa ashirin da huɗu. Na je. Akwatin na nan da fentinsa mai kyau, har da kwado. Na jefa takardata ta sama, ta faɗo a kan ƙafata ta ƙasa, don ba a yi masa gindi ba. Ban taɓa ganin amsa mai sauri irin wannan ba, na koma na faɗa wa matar Tela rediyo ma rage musu ya yi.

Ran nan da la'asar na dawo a gajiye, na zauna a dokin ƙofa, na cire takalmi, na ɗora ƙafata a kan simintin gangaren shiga gida. Sai na ji kaushi a tafin ƙafata. Sawun taya ne. Shekara tara da suka wuce muka sa aka yi simintin nan. Na wuni ina gadinsa kamar jariri, na jera bokitai don kada kaji su taka. Kaji ba su taka ba. Maigidana ne ya dawo da yamma, ya ture bokiti da ƙafa, ya hau da Bajimi har cikin gida. Ta gaba ta wuce, ta baya ta bi ta kanta ta danne da nauyin injin da ya ɗauko. Abin da na faɗa masa ran nan ba zai bugu a jarida ba. Shekara tara ina share wurin ina tsaki.

Shi kuma mutum ne mara canji. Sabulu ɗaya, wanzami ɗaya, taya iri ɗaya.

Na rasa takarda mai faɗi a gidan sai ta hukuma. Na kifa ta a kan sawun, na ɗauko gawayi na goga a bayanta a hankali. Zanen ya fito raɗau: layi ɗaya a tsakiya mai tafiyar maciji, da ƙananan haƙora gefe da gefe kamar ƙayar kifi. Tun da aka kafa ofishin nan, ba na jin takardarsu ta taɓa yin amfani irin na ran nan.

Da safe muka tafi layin masu tayoyi ni da Baba. Shagon da ya kai ni dogo ne mai duhu, warin roba kamar ya shaƙe mutum. Mai shagon, wani magidanci mai tumbi, da ya ga mace da mayafi sai fuskarsa ta washe, irin washewar da mahauci ke yi in ya ga baƙo. Ko tashi bai yi ba, daga zaune ya jawo wata mai sheƙi ya ce ita ake yayi. Baba ya ɗaga ta da yatsa biyu, ya miƙa masa, ya ce ya ajiye wa mai keke. Mai shagon ya mirgino wata ƙatuwa mai faɗi kamar ta mota, ya ce babban babur sai babbar taya, ko marigayi da ya gan ta zai yi alfahari. Baba ya ce marigayi yana son sarƙarsa. Mutumin ya kawo ta uku, wai 'yar waje ce, an ɗan taɓa ta kaɗan, zanenta kamar jiya aka yi shi. Har zuciyata ta kwanta da ita. Baba ya danne ta da gwiwa, ya buɗe tsakanin zanen da babban yatsa, ya ce in leƙa. Tsagu ne ƙanana birjik, kamar diddigen tsohuwa. Sannan ya laluba wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zobe a gefenta, ya sa mai shagon ya karanta da bakinsa: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Tayar ta girmi jikata mai aji uku.

Sai na zaro takardata na shimfiɗa a kan kanta. Mai shagon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce an sha zuwa masa da lamba, an zo masa da hoto a waya, amma yau ce rana ta farko da aka zo masa da zanen gawayi. Baba bai yi dariya ba. Ya ɗora tafin hannunsa a kan zanen, ya auna faɗinsa da yatsu, ya ce ya gane ta. Sai dai mai irin wannan zanen girma biyu ake yinta, sha bakwai da sha takwas, kuma faɗinsu ɗaya ne. Siminti ba zai raba mana wannan gardama ba.

Mai shagon ya ce ai magana ta ƙare, ga sha bakwai nan tuli. "Hajiya, yanzu duk duniya ta koma sha bakwai."

Sai na dafa kanta. Muryar maigidana na ji, yana zaune a kan tabarma yana cire safa, yana cewa duk duniya ta koma sha bakwai, an bar shi shi kaɗai da tsohon wili kamar maraya. Ashe ina ji. Ashe duk "to" ɗin nan da nake yi, wani abu yana shiga.

"Ba sha bakwai ba ce," na ce. "Ɗayar ce."

"Kin tabbata, 'yata?" in ji Baba.

"Na tabbata."

Mai shagon ya rantse ya maya babu ita, an daina kawowa, ko za mu zagaye layin nan kaf ba za mu samu ba. Baba, wanda idonsa ba ya ganin lamba amma yana ganin taya, ya ce masa ya ɗan tashi tsaye. Kujerar da yake zaune a kai tun shigowarmu tayoyi uku ne a kan juna da katako a sama. Ta tsakiya ce. Shekara biyu da yinta, ba ta taɓa ganin rana ba, ba ta taɓa ɗaukar komai ba sai mai shagon, wanda a ganina gwaji ne mai kyau na ɗaukar nauyi. Na kara takardata a jikinta, layi ya hau layi. Allah kaɗai ya san sau nawa maigidana ya shigo shagon nan ya tsaya gaban mutumin nan, alhali mutumin yana zaune a kan abin da ake nema. Mai shagon ya ce wallahi mantawa ya yi. Na yarda. A ƙalla shi bai kafa kwamiti ba.

Muka haɗa da sabon tiyub da robar da ke rufe kawunan wayoyi, don Baba ya ce ba ya sa sabuwar riga a jikin da bai yi wanka ba. Labarin kuɗin kuwa, 'yan kunnena da na sayar suka sani.

Ranar ƙarshe mu uku muka isa da safe: ni, Baba da jakar ƙarafunansa, Tela da taya a wuya kamar abin ado. An riga an kafa rumfa an jera kujeru don gwanjon gobe. Wasu masu manyan riguna, waɗanda a fili yake kowannensu ya zo da takardar wakilci, suna zagaya babura a can ciki suna ƙwanƙwasa tanki. Malam Dawo-Gobe ya karɓi takardata, ya juya bayanta, ya ga gawayi. Ya ce na ɓata takardar hukuma, sai an buga wata, injin bugawa kuma ba tawada, in dawo jibi. Na ce gobe ne gwanjo. Ya ce shi ya sa ya ce jibi, lokacin aiki ya ragu.

Na fito na zauna a kan ɗaya daga cikin tayoyin furannin nan, ko hawaye na rasa. Mai gadi ya matso yana jan sanda, ya tambayi Baba wace taya za a sa, ta gaba ko ta baya. Baba ya ce ta baya. Dattijon ya sosa gemu. Ya ce shekararsa goma sha tara a ƙofar nan, abin da aka koya masa shi ne, abin hawa ya fita ne in ya tsallake ƙarfen ƙofa gaba ɗaya. Abin da ke bayan ƙarfen nan kuma titi ne ba haraba ba, ba ruwansa da abin da ake yi a titi.

"Ni dai ba a taɓa ba ni doka a kan rabi ba," ya ce.

Ya shiga da kansa, shi da mai shara suka jawo Bajimi da baya-baya. Tayar baya ta tsallake ƙarfe ta sauka a titi, ta gaba ta tsaya a hannun hukuma. Na kai hannu na taɓa shi. Madubi ɗaya da batir sun riga sun yi nasu gwanjon ba su jira gobe ba, amma kujerar na nan da lotsawarta.

Baba ya tokare cikinsa da kututture, ya baje ƙarafuna a kan titi. Kusoshin sun yi tsatsa, sai da ya jiƙa su da baƙin mai ya bi su da lallashi. Ya cire wilin, ya ɓare tsohuwar tayar, ya ɗauko sabuwar ya kara. Na rufe ido. Sai na ji ya ce, kamar mai magana da kansa, "Sha takwas ce." Ya laluba 'yar kibiyar da ke gefenta, ya juya ta ta kalli inda wili ke juyawa, don wai in an sa ta a baibai ruwan sama ya tare ka a hanya, za ka gane kurenka.

Ana cikin haka sai ga jiniya. Babban Mai Hatimi ne da kansa, shugaban ofishin, wanda tun da na fara zarya ake ce mini yana taro. Mota uku: ɗaya tasa, ɗaya ta jakarsa, ɗaya ban san ta mece ce ba, ƙila ta hutu ce. Ƙofa ɗaya ce da ofishin, Bajimi kuma na tsakiyarta ba ƙafar baya. Direba ya fito yana kumfar baki. Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce babur mara wili ba ya gaba ba ya baya, amma duk mai jin ƙarfi ga shi nan ya ɗauka. Aka dubi Bajimi, aka dubi juna. Ba wanda ya taɓa.

Gilashin baya ya sauka kaɗan, sanyi ya fito ya bugi fuskata. Aka tambayi abin da ke faruwa. Mai gadi ya sara, ya jero dokokin nan tiryan-tiryan, ya ce duk an kiyaye su, ba wadda aka taka. Aka ce a kawar da wannan tarkace daga ƙofa yanzu-yanzu.

"Ranka ya daɗe," in ji Baba, yana goge hannu da tsumma, "in waje za shi, kafin ka gama waya na ɗaura wilin. In ciki za shi, bayana ya riƙe, sai dai a dawo gobe."

Sai hannu ya fito ta taga. Na miƙa takardata. Malam Dawo-Gobe, da ya rugo yana gyara hula, ya buɗe baki zai yi maganar gawayi, aka ce ya je ya kawo hatimi. A kan cinya aka buga shi. Gawayin ya bar wa Mai Hatimin zanen tayar maigidana a farar rigarsa, layin tsakiya da haƙoran gefe duka. Na so in ba da haƙuri, gilashi ya riga ni rufewa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ba wanda ya dubi tayar. Kwana tara ban yi barcin kirki ba a kanta, amma ba wanda ya sunkuya ya ga sabuwa ce ko tsohuwa, tana gogar sarƙa ko ba ta yi. Da zane na naɗa wa wilin, da ya wuce. Ina godiya da wannan yarda da suka yi da ni.

Turo shi muka yi har gida, don tankin a bushe yake. Wannan kam ba zan yi musu ƙazafi ba, haka suka same shi. Tela ya ɗauke mu ta doguwar hanya don kada mu bi ta gaban gidan man. Ban ce masa na lura ba.

Yanzu yana ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ban san ranar da za a tashe shi ba, ban kuma san wanda zai hau ba. Kafin Baba ya tafi ya ja mini kunne: babur mai nauyi in ya daɗe tsaye wuri ɗaya, tayar na kwanciya ta gefen da ke ƙasa, sai ta lalace ba ta ko taka titi ba. Sai a riƙa motsa shi.

Don haka kullum da safe, kafin in ɗora ruwan zafi, sai in kama ƙahonsa, in tokare shi da ƙugu, in tura shi taku ɗaya. In mun kai bango mu fara ja da baya. Da farko sai na kira matar Tela ta kama mini, yanzu ni kaɗai nake yi. Jiya Tela ya leƙo ta katanga ya same mu a kai, ya tambaye ni ina zuwa haka da sassafe. Na ce masa ban sani ba tukuna, amma in ya haɗu da su Mai Girma ya shaida musu: ba mai, ba batir, ba jiniya, mu dai kullum muna motsawa.